Tawada a Cinyar Jan Sa

Don haushi na sayi injin wanke hoto. Ba sana'a na nufa ba, ba kuma wani ya ba ni shawara ba.

Shekarar da aka yi sunan 'yata ta huɗu na ɗauki hotuna a salula, wayar hannu, na hau kabu-kabu, moton haya mai ƙafa biyu, daga ƙauyenmu har Magarya don a wanke mini su. Mai shagon, benci ɗaya muka zauna da shi a lakkwal, makarantar boko, ni nake raɗa masa amsar lissafi in mushe, malaminmu, ya juya baya. Ni aka cire a aji biyar aka mayar gona, shi ya wuce. Zuwan farko ya ce babu kuran, an ɗauke wuta. Zuwa na biyu ya ce takarda ta ƙare. A na uku ya wanke, amma sai da ya bar ni tsaye ya sallami wasu masu takalmi sau-ciki da suka zo bayana, sannan ya miƙo mini yana cewa, "Mutumin daji, har yanzu jaki kake bi?" Wai wasa ne. Na taya shi dariya don ba ni da abin yi ban da ita. Kafin in kai gida na riga na yanke cewa ƙafata ba za ta sake taka shagon nan ba.

Da kaka ta yi na sayar da wake na tafi Damagaram, na shiga wani butik na kayan ofis. Mai butik ɗin wani siriri ne mai tabarau.

"Alhaji, na aiki kake so ko na gida?"

"Ban je Makka ba. Na gida."

"To, malam."

"Karatun ma ban yi ba. Nuna mini injin."

Iri uku ya nuna mini. Na farko ƙato ne, tawadarsa gari ce, kuma baƙi kaɗai ya sani. Ya ce ko amarya ka sa masa, kamar gawayi za ta fito. Na biyu yana da tankuna huɗu a gefe, ana tsiyaya musu tawada kamar yadda ake zuba wa moto mai. Shi ne mai kyan, ko ni da ban san komai ba na ga haka, amma wakena bai kai wurinsa ba, kuma wai in ya kwana biyu ba ya aiki sai ya bushe. Na uku ɗan ƙarami ne, kamar akwatin rediyo, yana da 'yan gidajen tawada biyu da ake cirewa a mayar, kartush suke ce musu, ɗaya baƙi, ɗaya mai launi uku.

"Wannan araha gare shi," in ji mai tabarau, "amma tsakani da Allah, kamar a ba ka doki kyauta ne. Ciyawar ce za ta kashe ka."

Ni abu biyu na tambaya. Fanon hasken rana guda nake da shi da tsohon batir, zai iya tada shi? Ya ce na farkon zai shanye batir ɗina kafin in ce bismilla, amma ƙaramin zai tashi in rana ta yi tsaka. Na ce yana jin maganar salula kai tsaye, ko sai da wani inji a tsakani? Ya ce yana ji. Na ce a ɗaure mini shi.

Da ya ga ba zan iya sayen sabon kartush duk wata ba, sai ya haɗa mini kwalaben tawada huɗu da ɗan sirinji, ya ɗauko wani tsohon kartush ya koya mini. A ɓare takardar da ke samansa, a ƙasa akwai ramuka uku. A sa tsinke a kowane a ga launin da ya fito, kada a zuba shuɗi a gidan rawaya. A tura a hankali. "Soso ne a ciki," ya ce, "jiƙa shi kawai za ka yi. Ba tulu ba ne da za ka cika." Ya ce kuma bayan an zuba, injin zai ci gaba da cewa babu tawada, don ba leƙawa yake ba, sai a danne maɓallin har ya haƙura.

Wata guda ina wanke duk abin da ya tsaya a gabana. Yara, uwarsu, maƙwabta, har akuya. Daga nan fuskoki suka fara fitowa da zane-zane kamar an yi musu tsaga, sannan launi ya ɗauke gaba ɗaya. Na ɗauko kwalaben na duba, na mayar. Tsoro nake ji, gaskiya ke nan. In na ɓata kartush ɗin ba ni da wani, kuma ba na son a ce ga shi nan, dama mun faɗa. Na lulluɓe injin da tsohon zane na ɗora a kan akwati. Duk wanda ya tambaya na ce hutawa yake. Ya huta har wata kakar ta zagayo.

A wannan kakar ce san yayata ya ɓata.

Ita ce babbarmu. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da ɗan maraƙi ja, ita ta raine shi da dusa da harawa har ya zama san amalanke. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai taki gona, shi ke kwaso damman gero, nata da na mutane, kuma abin da ake ba ta na jigilar nan da shi gidan ke ci. Da aka saki gonaki ta sake shi ya ci kara tare da shanun gari. Da yamma na kowa ya dawo, ban da nata. Kwana uku muna yawo. Lokacin kuma garkuna na ta gangarawa kudu, kuma kowa ya san in sa ya bi wani garke ya tsallaka iyaka, cikin mako guda ya zama tsire a Kano.

Mun ba da cigiya da baki, an faɗa a masallatai. Amma jan sa mai farin goshi, ai rabin shanun ƙasar nan ke nan.

Ran na huɗu da hantsi ta shigo gidana, ba ta ko zauna ba.

"Kai, wannan abin naka da ka lulluɓe kamar gawa, da rai ko babu?"

"Da rai, Yaya. Tawada ce babu."

"Waɗancan kwalaben fa, miya za ka yi da su?"

Ina da hoton san a salula, na ranar da ya kwaso mini gero, yana tsaye ya ba da gefen dama, komai nasa ya fito. Washegari kasuwar Dungas ke ci. In akwai wanda ya ga san nan a faɗin ƙasar, zai zo kasuwar ko ɗan'uwansa ya zo. Ba ni da sauran wurin ɓuya.

Na nemi ɗan sirinjin na rasa. Ashe maiɗakina ta daɗe tana ɗiga wa keken ɗinkinta mai da shi. Sai na ɗauko wanda nake yi wa tumaki da shanu allura, mai kaurin rake, na wanke shi da tafasasshen ruwa har sau uku. Na shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfa, na ɓare takardar kartush, na karyo tsinken tsintsiya na gwada ramukan. Ja, shuɗi, rawaya. Har nan ban yi kuskure ba. Amma sirinjin shanu bai san a hankali ba. Ka taɓa shi kaɗan, ya tura abin da zai ishi bijimi. Kafin in ankara tawada ta tumbatso ta sama, tana ɗiga ta ƙasa, hannuwana sun koma kamar na marini. Baƙin ma da na zo kansa haka na yi masa. Yaya tana tsaye a kaina.

"Haka mai butik ɗin ya koya maka?"

"Ki matsa, kina tare mini haske."

Na goge su da tsumma iya yina, na mayar cikin injin. Fitilarsa ta hau ƙiftawa, wai babu tawada. Na danne maɓallin ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har ya yi ƙara ya ja takarda. Ta farko ta fito kamar an tsoma ta a kwata. Ta biyu ma haka. A ta huɗu sai ga sa ya fito, ja kamar shi, ƙahon dama ya ɗan sunkuya, farin goshin, tsagar kunnen, farin gashin bakin wutsiya. Sai dai a cinyarsa ta baya akwai baƙin tabo, girman kan ɗan yatsa. Tawadar da ta zuba ce ta taru a wani wuri a cikin injin, duk takardar da ta wuce sai ta shafa mata a daidai gurbin nan. Na naɗa tsumma a tsinke na zura na goge, na sake bugawa, tabon na nan. Rana ta fara karkata, batir ya fara kuka, takardun da suka rage mini ba su da yawa. Na buga takwas na tsaya.

Yaya ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido. Ta daɗe tana kallo, na ga leɓenta na motsi. Sannan ta ɗora yatsa a kan tabon.

"Wannan fa? Sana ba shi da baƙi ko na ƙwayar gero."

"Tawada ce, Yaya. Makaho ma ya san tawada ce."

Na rubuta lambar salulata da bik, wato biro, a ƙasan kowace. Da safe muka tafi Dungas. Na liƙa biyu a kara, wurin shanu, ɗaya a tasha, biyu a bakin rumfunan masu hatsi. Uku na ba 'yan kabu-kabu masu bin hanyar Dogo-Dogo da Bande, na ce su nuna a garuruwan da suke tsayawa. Mutane suka taru suna kallo, ana cewa wa ya yi wannan, ana nuna ni. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Rabon da a nuna ni da yatsa a kan abin kirki har na manta.

Ina cikin wannan sai wani tsohon dillalin shanu, abokin mahaifinmu, ya yafuto ni. Ya ciro ɗaya daga jikin turke yana riƙe da ita.

"Wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Ni na ba kaina, Baba."

"Na ga alama." Ya tofar da goro. "Kai a garin nan aka haife ka kuwa? In an tsinci dabba, ina ake kai ta?"

"Gidan maigari."

"A ƙofar gida ake ɗaure ta kowa ya gani?"

A bayan gida ake ɗaure ta, na sani tun ina yaro. Mai nema ba ya ganinta sai ya faɗi kamanninta a gaban dattawa, in ya dace a fito da ita. Shi ya sa mai cigiya ke faɗin abu biyu ya riƙe sauran a cikinsa.

"Kamannin nan su ne makullin," in ji tsohon. "Kai kuma ka yanka makulli takwas ka raba wa duk mai ido. Yanzu ko ni in na ga dama, san nan nawa ne."

Ban san lokacin da na bar wurinsa ba. Na bi na ciccire biyar. Ukun nan kuwa sun riga sun yi nisa a aljihun 'yan kabu-kabu, kuma ban karɓi lambar ko ɗaya daga cikinsu ba.

A hanyar gida na faɗa wa Yaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta gyara lulluɓinta kawai ta ce, "Allah ya kyauta." Kwana biyu ba ta shigo gidana ba, ni ma ban iya zuwa nata ba. Tuwo in na kai baki kamar ƙasa. Da can ɓata kawai san ya yi, ana iya ganinsa. Yanzu in ya tafi, ni na miƙa shi da hannuna.

Ran na uku da safe salula ta yi ƙara. Ɗaya daga cikin 'yan kabu-kabun ne. Ya ce a wani ƙauye gaba da Dogo-Dogo an kama sa ya shiga garkar rogo, yana ɗaure a gidan maigari. "Amma ku yi sauri," ya ce, "wani ya riga ku zuwa, ya ce nasa ne. Maigari ya dakatar da shi don na ce masa akwai masu takarda."

Moto ɗaya na wani ɗan kabu-kabu muka hau ni da ita. Yashin hanyar nan sau biyu yana kayar da mu. Mun isa bayan azahar.

Maigarin tsoho ne mai ƙaramar murya, da dattawa uku a zaure. Mutumin da ya riga mu yana zaune a gefe cikin wankakkiyar riga, da carbi a hannu. Ya gaishe mu da ladabi har da yi wa Yaya sannu da hanya. Ban sani ba ko ɓarawo ne na asali ko kwaɗayi ne ya same shi a tasha, ban kuma tambaya ba.

Maigari ya sa mutumin ya fita can gindin bishiya, ya ce Yaya ta faɗi nata. Ta faɗi ƙaho da goshi da kunne. Sannan ta shiga abin da ba ya cikin hoto. Tabon da sandar amalanke ta yi masa a kafaɗar hagu. Haƙorin gaba guda da ya gutsure. Wani ɗan ƙari a ƙarƙashin wutsiya. Ta ce kuma ba ya son a zo masa ta hagu, sai ya yi harbi. Dattawan ba su nuna komai a fuska ba.

Aka kira mutumin, aka ce mu kada mu yi magana. Ya fara, a natse, kamar mai karanta wasiƙa. Ja ne. Ƙahon dama ya sunkuya. Farin goshi, ya ɗan zarce zuwa hanci. Kunnen dama a tsage. Bakin wutsiya fari. Duk wanda ya faɗa sai in ji kamar an zare mini jijiya, don duk gaskiya ne, kuma na san inda ya samo su. Na ga ɗaya daga cikin dattawan ya gyaɗa kai.

"Shi ke nan?" in ji maigari.

"Ranka ya daɗe, sai baƙin tabon da ke cinyarsa ta dama. Zai kai tafin hannu."

"Ƙuna ce, ko ciwo ya yi?"

"A'a, da shi aka haife shi. Uwarsa ma tana da shi."

Yaya ta taka mini ƙafa da ƙarfi. Ni kuwa na sunkuyar da kai, ga yatsuna a kan gwiwa, har lokacin baƙin bai gama fita daga farcena ba. Na tura su cikin aljihu.

Maigari ya ce a fito da san. Da aka zagayo da shi ta gefen zaure, ya rame, igiya ta ci masa wuya, amma shi ne. Cinyarsa ja wur, ko ɗigo babu. Mutumin ya tashi ya zagaya shi, ya duƙa, har ya tofa yawu a hannu ya murza wurin ko ƙasa ce ta rufe. Ya koma ta hagu don ya duba ɗaya cinyar, san ya kai masa harbi, da kyar ya kauce. Wani dattijo ya buɗe bakin san ya ga haƙorin, ya ɗaga wutsiya ya duba, ya koma ya zauna.

"Lalle ba nawa ba ne," in ji mutumin. "Kama ce ta yi yawa. Allah ya sa in ga nawa."

"Amin," in ji maigari. "In ka gan shi ka haɗa da uwar ka kawo mu gani."

Bai tsaya sallama ba. San kuwa tuni ya ja mai riƙe da shi ya je ya sa goshi a cikin Yaya yana tura ta, tana zaginsa ƙasa-ƙasa, ɗan banza, mai yawon tsiya, tana share ido da bakin mayafi.

Aka sasanta da mai rogo a kan ɓarnar da aka yi masa. Maigari ya ce in nuna masa takardar da ake ta magana. Na ciro ɗaya cikin biyar ɗin nan. Ya duba ta, ya duba san, ya ce, "Da gangan ka sa wannan?" Da na ce e, da an ɗauke ni mai wayo har Dungas. Na ce a'a, ranka ya daɗe, tawada ce ta yi mini yawa, da sirinjin shanu na zuba. Dattawan suka yi dariya har ɗaya ya ƙware. Na bar su suka yi, wannan karon ba ta yi mini zafi ba.

Sa ba ya hawa moto, sai muka sallami ɗan kabu-kabun muka kamo hanya a ƙasa, da niyyar mu yada zango wurin 'yan'uwa a Dogo-Dogo. Tana gaba da igiya, ina baya da tsumagiya. Ba mu yi nisa ba na tsaya. Na nemi gindin wani gawo na zauna. Na ji yunwa, irin wadda rabona da ita tun ranar kasuwa.

Yaya ta juyo ta dube ni.

"Tashi mana. Kai ka ɓata ko shi?"

"Bari in numfasa, Yaya."

Ta dawo ta zauna nesa kaɗan, ta kwance bakin zane ta ciro ƙuli-ƙuli, ta raba biyu ta jefo mini rabi. San ya sa kai yana tsintar 'ya'yan gawo a ƙasa, muna jin ƙarar taunarsa.

"In mun je gida," ta ce, "ka wanke mini ɗaya mai kyau, marar tabon nan. A ɗaki zan ajiye."

"Sai na zuƙe tawadar da ta yi yawa, na wanke cikin injin. Zai ɗauki yini."

"Ya ɗauki mako ma. Ba inda za shi."

Ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta ja igiyar, san ya bi ta. Na cinye ƙuli-ƙulin na tashi na bi bayansu.